Malamin Ƙauye Tsakanin Allo da Rediyo: Gwama Hanyoyin Koyarwa a Makarantun Firamare na Arewacin Kano

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda malaman firamare na ƙauyukan arewacin Kano suka yi fama da wata hanyar koyarwa wadda ba su nema ba, ba a kuma horar da su a kanta a kwaleji ba, watau haɗa koyarwar aji, inda malami da ɗalibi ke ganin juna, da koyarwar da ke zuwa daga nesa ta rediyo ko wayar hannu ko takarda. Abin da ya tilasta wannan haɗi shi ne annobar korona. Cikin watan Maris 2020 aka rufe makarantun Jihar Kano, ba a kuwa buɗe su ga yawancin ɗalibai ba sai cikin watan Oktoba na shekarar. Fiye da wata shida ke nan yaro bai ga allon aji ba. Za a fi ba da ƙarfi a kan abin da ya shafi harshe, domin a nan ne wahalar malami ta fi fitowa fili, a nan ne kuma masu tsara irin waɗannan shirye-shirye suka fi yin sakaci.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan sunan abin, don kalmar da Turawa ke amfani da ita tana iya ɗaukar fassara fiye da ɗaya. Idan aka ce gauraya, an nuna abubuwa biyu sun narke cikin juna kamar gari da ruwa, alhali darasin rediyo da darasin aji ba sa narkewa, kowanne yana nan da kamanninsa. Cakuɗa tana ɗauke da ma'anar rashin tsari. Gamin-gambiza kuwa zambo ce, ko da yake akwai malaman da za su ce ita ta fi dacewa da abin da suka gani. Haɗaka ta mutane ce masu tara dukiya ko ƙarfi wuri ɗaya. Kalmar da ta rage ita ce gwama, wadda ake faɗa wa mutumin da ya riƙe abu biyu a lokaci guda, kamar mai gwama noma da fatauci. Saboda haka a cikin wannan maƙala za a riƙa cewa gwamammiyar koyarwa.

Ƙasar da yanayinta

Yankin da ake magana a kansa shi ne wanda ya kewaye birnin Kano ta arewa da arewa maso yamma, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi, har zuwa Ɗambatta da Makoɗa. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya jawo hankalin duniya ga wannan yanki saboda cunkoson jama'arsa da irin nomansa. Ba a barin gona ta huta a nan. Kowace shekara sai an noma ta, abin da ke riƙe ta kuwa shi ne taki, na dabbobin gida da wanda ake ɗebowa daga birni. Gonaki ƙanana ne, suna manne da juna, ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya ƙarƙashin ɗorawa da gawo da kuka, gidaje kuma da yawa suna warwatse cikin gonakin.

Irin wannan noma hannu yake ci, hannun yaro kuwa yana cikin lissafi. Mai karatu ya dubi yadda rufe makarantu ya faɗo a kan kalandar manomi. An rufe da bazara, lokacin kai taki da sharar gona. Azumi ya kama daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Daga nan sai ruwa ya sauka, aka shiga shuka da noman farko da maimai. Sa'ad da aka buɗe makarantu a Oktoba, an riga an shiga kaka, ana cirar gyaɗa da roron wake, dawa tana jiran girbi. Duk wanda ya zauna a ofis ya ɗauka cewa yaron da ba ya makaranta yana zaune a gida yana jiran darasin rediyo, bai san ƙasar ba. Yaron yana gona ko wajen kiwo, yarinya kuma tana talla ko raino ko ɗebo ruwa. Rediyon ma na maigida ne, yana rataye a kafaɗarsa ko a reshen itace a bakin gona. Haka wayar.

Ba yau aka fara ba

Koyarwa daga nesa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A shekarar 1976, shekarar da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta horar da ɗimbin malamai ta hanyar littattafan da mutum zai karanta a gida, sa'an nan ya je cibiyar nazari ya sadu da mai koyarwa. Malamai da yawa a ƙauyukan Kano ta wannan hanya suka sami takardar shaidarsu. Sai dai su manya ne, sun riga sun iya karatu. A Jamhuriyar Nijar an fara koyar da yaran firamare ta talbijin tun 1964, da harshen Faransanci. Kwaddibuwa ta yi irin wannan gwaji, mafi girma, daga 1971, ta kuma watsar da shi a farkon shekarun 1980, ƙorafin malamai da iyaye yana cikin abin da ya kashe shi. Darasin da ke ciki a bayyane yake: duk tsarin da ya mai da malami mai kunna akwati da kashewa, malami zai juya masa baya. A Nikaragwa kuwa, cikin shekarun 1970, aka ƙirƙiro wani salon darasin lissafi ta rediyo wanda muryar ke yin tambaya ta yi shiru, yara su amsa, malamin aji yana tsaye yana lura. Wannan salo ya yaɗu ƙasashe da dama, sirrinsa kuwa shi ne akwai babba a wurin.

Abin da ya faru a Dawakin Tofa

Da annobar ta zo, gwamnatin Jihar Kano ta sa darussa a gidajen rediyo da talbijin kamar yadda sauran jihohi suka yi. Amma misalin da ya fi dacewa da nazari shi ne shirin da aka sani da suna KaLMA, domin ya fara a cikin aji, ya koma gida, sa'an nan ya dawo aji, malamai kuma suka bi shi duk inda ya juya. An ƙaddamar da shi a watan Oktoba 2019 a ƙananan hukumomi biyu, Dawakin Tofa da Wudil, domin yara fiye da 37,000 na aji huɗu zuwa aji shida. Masu shirin su ne Ma'aikatar Ilmi ta jiha da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta jiha, da Kwalejin Ilmi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da British Council da ƙungiyar TaRL Africa, kuɗin kuwa daga gwamnatin Birtaniya. Manufarsa ita ce yaro ya iya karanta Hausa, ya iya lissafi na tushe, ya kuma sami shiga Turanci ta kan gadar Hausa.

Kasancewar ana bukatar irin wannan shiri ga ɗan aji biyar ya isa ya nuna inda matsalar take. Yaro ya shekara huɗu yana zuwa makaranta, yana maimaita abin da malami ya faɗa da babbar murya, yana kwafe abin da ke allo, amma in an miƙa masa jimla ɗaya da harshen da ya tashi da shi ba zai iya karantawa ba. Hanyar da shirin ya ɗauko, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, ita ce a koyar da yaro daidai da matakin da yake kai. Malami zai zauna da kowane yaro shi kaɗai ya gwada shi, ya gano ko mafari ne, ko ya san harafi, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari. Daga nan sai a rushe ajujuwan na wani lokaci a kowace rana, a raba yara rukuni-rukuni bisa ga abin da suka iya, ba bisa ga shekarun da suka yi a makaranta ba.

Tun a wannan mataki malami ya fara jin canji a jikinsa. Wanda ya saba tsayuwa gaban allo da alli a hannu, yanzu an ce ya durƙusa tsakiyar yara, ya yi rubutu a ƙasa, ya bar su su yi magana. Gwajin ɗaiɗai kuma yana tona abin da amshin taron aji ke rufewa, malami ya ga da idonsa cewa yaran da ya yi wa shekara yana koyarwa ba su san harafi ba. Ba kowane mutum ne zai ji daɗin wannan ba. Akwai kuma batun kunya, domin saurayi ɗan aji shida da aka zaunar a rukunin masu koyon harafi tare da ƙannensa yana iya ƙaurace wa makaranta gaba ɗaya idan malami bai iya lallashi ba. Malamai ba su gama sabawa da wannan ba aka rufe makarantu, watanni kaɗan bayan farawa.

Sai shirin ya koma aika karatu gida ta darasin rediyo, da rubutaccen saƙon waya, da saƙon murya da ake bugo wa iyaye, da kuma lambar da mutum zai kira kyauta ya saurari darasi. A farkon 2021 aka komar da shi cikin aji. A tsakanin nan aikin malami ya zama wani abu da ba shi da suna a cikin takardar ɗaukarsa aiki. Ba shi ya rubuta darasin ba, ba muryarsa ce ke fita ba, amma shi ne ya san gidan kowane yaro, ya san uban da zai ba da aron rediyo da wanda ba zai bayar ba, ya san yayan da ya yi sakandare wanda zai iya zama da ƙannensa. A ƙauye saƙo ba ya isa don an aika shi. Yana isa ne idan ya bi ta bakin wanda ake jin maganarsa, mai unguwa ko liman bayan salla ko malamin da ake gaisawa da shi a kasuwa.

Ji da gani

Rediyo yana da wata falala ga mai koyon Hausa wadda takarda ba ta da ita. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, murya kuwa tana ɗauke da su duka biyu. Yaron da ya ji an ce gari na zama da gari na tuwo ba zai rikice ba. Har ila yau rediyo ya dace da wasan raba kalma gaɓa-gaɓa da tafi, da tatsuniya, da kacici-kacici, da karin magana, abubuwan da kunnen ɗan ƙauye ya riga ya ƙware a kansu. Amma karatu aikin ido ne. Muryar rediyo tana iya furta sautin ƙ sau ashirin, ba za ta iya nuna wa yaro lanƙwasar da ke kansa ba. In ta ce ya rubuta harafin a ƙasa da yatsa, ba ta san ko ya rubuta shi a juye ba. In ta yi tambaya ta yi shiru don ya amsa, ta dawo ta ce madalla, ta yaba wa wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure da wanda ya tashi ya kori akuya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a wajen koyon harafi kuwa maganar ba ta da ja.

Wani bincike da aka yi a Botswana a 2020, a kan gidaje wajen 4,500, ya ƙarfafa wannan. An aika wa wasu gidaje tambayoyin lissafi ta saƙon waya kawai, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na mintuna kaɗan kowane mako, inda mai koyarwa zai yi magana da yaro da mahaifinsa. Waɗanda aka kira sun ƙaru ƙwarai, saƙo shi kaɗai kuwa bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Watau abin da ya yi aiki shi ne mutum ya ji amsar yaro ya gyara masa nan take.

Haruffa masu lanƙwasa

A nan ne masanin harshe ya kamata ya fi tsayawa, domin matsalar ƙarama ce a ido amma tana cin tushen abin da ake koyarwa. Rubutaccen saƙon waya na gama-gari yana ɗaukar alamomi 160, muddin dukkan haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa harsunan Turai ta yamma. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai tsarin ya juya saƙon gaba ɗaya zuwa wani ma'auni wanda alamomi 70 kawai yake ɗauka. Saƙo ɗaya ya zama uku ke nan, kuɗinsa ma haka. Ko an biya, ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda su suka fi yawa a hannun manoma, ba dukkansu ke iya nuna harafin ba, wasu sai su sa ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsa. Saboda haka duk mai aika darasin Hausa ta wannan hanya yana da zaɓi uku, babu mai daɗi a cikinsu: ya biya ninki uku ya yi fatan wayar za ta nuna, ko ya koma sa waƙafi a gefen harafi kamar yadda ake yi kafin a daidaita a kan haruffa masu lanƙwasa cikin shekarun 1930, ko ya yar da lanƙwasar.

Na ukun shi ne abin da jama'a ke yi a saƙonninsu na yau da kullum, babba kuwa ba ya rikicewa domin yana cike giɓin da saninsa. Mai koyo ba shi da wannan sani. A dubi wannan umurni na darasin lissafi:

(1) Ka kasa kara goma kashi biyu, ka ƙara uku a kowane kashi.

(2) Ka kasa kara goma kashi biyu, ka kara uku a kowane kashi.

A jimla ta (2) kalmar kara ta fito sau biyu da siffa ɗaya, ta farko suna, ta biyu aikatau, yaron da aka koya wa jiya cewa k daban ƙ daban yana ganin wayar babansa ta ƙaryata malaminsa. Ko a jimla ta (1) ma akwai tarko, don ka kasa a rubuce tana iya zama umurnin a raba, tana iya zama labarin gazawa, bambancin yana ga tsawon wasali da karin sauti waɗanda ba a rubutawa. Haka baƙi da baki, faɗa da fada, ƙafa da kafa. Malamin da yara suka dawo hannunsa dole ya gyara abin da waya ta ɓata ba tare da ya zubar da darajar wayar ba, tun da gobe ta nan wani darasin zai zo. Abin mamaki ne a ce harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi, wanda aka fi shekara tamanin ana buga jarida da shi, har yanzu haruffansa uku baƙi ne a cikin ƙaramar waya.

Akwai kuma iyayen da boko bai shige su ba amma suna karanta ajami sarai. Saƙon da aka rubuta da boko ya wuce su, ko da kuwa da Hausa ne, sai su jira wani ya karanta musu. Saƙon murya ne ya fi yi musu adalci.

Lissafi da karan dawa

A fannin lissafi abin ya fi sauƙi, domin kayan aikin suna zube a kowane gida. Hanyar Pratham tana koyar da matsayin lamba da tsinkaye, a ɗaure goma-goma a bar saura a warwatse, yaro ya ga cewa 35 ƙulli uku ne da tsinke biyar. A ƙasar da ake ɗaure dawa dami-dami, ake kuma kasa tumatir da gyaɗa kashi-kashi a kasuwa, wannan ba ya bukatar dogon bayani, ko ta rediyo aka faɗa uwa za ta gane. Yarinya mai talla kuwa ta daɗe tana ba da canji da ka. Wahalarta tana wajen mai da abin da ta sani zuwa lambobi a rubuce.

Harshen kansa yana da abin da zai taimaka da abin da zai hana. Sunayen gomomi da ake amfani da su yau, ashirin da talatin da arba'in har casa'in, daga Larabci aka aro su, ba sa kuwa nuna wa yaro cewa talatin goma uku ce. Tsohuwar ƙidaya ta gomiya biyu da gomiya uku ta fi bayyana wannan, malami mai basira zai iya farfaɗo da ita na ɗan lokaci a matsayin tsani. Haka nan ashirin ba ɗaya da ashirin ba biyu, da tsofaffi ke faɗa maimakon sha tara da sha takwas, ɗebewa ce a cikin sunan lamba. Darasin da aka rubuta da Turanci aka fassara ba zai taɓa faɗowa kan waɗannan ba. Sai wanda ya yi tunanin darasin da Hausa tun farko.

Malami a matsayin ɗalibi

Gwamammiyar koyarwa ba ga yara kaɗai ta tsaya ba. Horon malamai ma ya koma waya, musamman zaurukan WhatsApp, inda ake turo bayani da hotuna da gajerun bidiyo. Amfanin wannan a fili yake: malamin da ke ƙauye mai nisa da hedikwatar ƙaramar hukuma yana iya tambaya ya sami amsa a ranar, ba sai ya jira jami'i ya zo a kan babur ba. Amma nauyin yana kan aljihunsa. Babbar waya tasa ce, kuɗin data nasa ne, caji kuma a shagon mai janareta ko mai sola ake biya, alhali a lokacin annobar mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 30,000 ne bisa dokar 2019. Wani wurin sai an fita bayan gari ko an hau tudu kafin saƙo ya sauka. Malama matar aure tana da ƙarin shinge, domin wayar tana iya zama ta miji, shiga zauren da maza suka cika kuma ba kowane gida ke yarda da shi ba. Manhajar karatu ta intanet da Gwamnatin Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar a watan Maris 2022, wadda ke da darussa har da na Hausa, ita ma babbar waya take so.

Zauren waya ya kuma tona wani abu da aka daɗe ana kau da kai daga gare shi, watau ƙa'idojin rubutun malaman kansu. Mutum yana iya zama gwanin magana, amma in ya zo rubutu ya haɗe ya kamata ta zama kalma ɗaya, ya raba yana gida biyu, ya kasa bambanta ta fi da tafi, ko ba ta da bata. Ba laifinsa ba ne kacokan, domin da yawa daga cikin masu koyar da karatun Hausa a firamare ba Hausa suka karanta a kwaleji ba, an dai ɗauka cewa duk Bahaushe zai iya. Shi ya sa malamai suka fi sakewa da saƙon murya. Wannan aiki ne da ke jiran sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i, ya kuma fi gaggawa bisa ga yawancin abin da ake tattaunawa a tarurrukansu.

Wani abin lura shi ne cewa tsarin da aka ɗauko daga Indiya yana da ɗan'uwa a kowace unguwa. A makarantar allo ba a taɓa yin aji bisa shekaru ba. Kowane almajiri yana kan allonsa, wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya shiga zube. Malam yana biya masa shi kaɗai, ya tashi ya je ya maimaita nesa da malam, gardi yana lura, ya dawo ya biya, in ya iya a wanke allo a ɗora masa. Koyarwa daidai da matakin yaro ke nan, tare da raba karatu tsakanin gaban malam da bayan idonsa. Malamin firamare na Dawakin Tofa ko Bichi kusan duk ta nan ya biyo. Da masu horarwa za su fara bayani daga wannan misali, da malamai da iyaye sun fi saurin karɓa, maimakon a gabatar da abin kamar saukakke daga wata duniya.

Harshen koyarwa

Duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ne a kan cewa da Hausa ake koyarwa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A watan Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da a tsawaita wannan zuwa dukkan shekaru shida. A watan Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan manufa, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Malamin ƙauye dai ya saba ganin manufa ta zo ta wuce yana nan yana fassara littafin Turanci da baki, don in bai yi haka ba babu mai fahimtarsa.

Amma ga gwamammiyar koyarwa wannan juyi yana da wani sakamako na musamman. A cikin aji malami yana iya karanta jimla da Turanci ya bayyana ta da Hausa, ba wanda ya gani. Darasin da aka naɗa a rediyo ko aka tura ta waya ba ya iya wannan dabara, harshen da aka naɗa shi da shi, da shi zai isa tsakar gida. Mutanen da suka riƙe karatun yara a watannin 2020, gwargwadon abin da aka riƙe, su ne uwa mai surfe tana saurare da kunne ɗaya, da yaya, da kaka mai ƙirga kara tare da jikanta. Waɗannan sun iya sa hannu ne domin muryar da ke fitowa daga akwatin Hausa take yi. In aka juya ta zuwa Turanci, sun fita daga cikin aikin, ya koma kan malami shi kaɗai, cikin 'yan awoyin da yaro ke makaranta, a ranakun da gona ta sake shi.